Bindiga Haƙƙi, Likita Haja: Me Ake Yi wa Amurka Dariya a Kai?

Wani ɗan gajeren bidiyo ne ya tayar da musu a zaurenmu na WhatsApp na tsofaffin 'yan makaranta. Saurayi ne Ba'amurke kwance a bakin titi, wai mota ta buge shi, jama'a sun yi cincirindo a kansa. Yana jin jiniyar motar asibiti ta doso sai ya yi zumbur ya miƙe, ya ranta a na kare yana ɗingishi, yana ihun a ƙyale shi, ba shi da kuɗin hawanta. Shiri ne, kowa ya ga shiri ne. Abin da ya biyo baya ne ya tsaya mini a rai. Wani ya ce sharrin maƙiya ne kawai, ƙasar da ta kai mutum duniyar wata ba za ta gaza kai majinyaci asibiti ba. Wani kuma ya ce ai Amurka ta gama yawo, ta kwashe dukiyarta ta zuba a yaƙe-yaƙe, shi ya sa talakanta ba ya samun magani.

Duk su biyun ban bi bayansu ba. Irin wannan barkwanci da ya cika intanet, na bindiga da makaranta da asibiti a Amurka, yawancinsa gaskiya yake faɗa. Inda masu yaɗa shi suke yin kuskure shi ne wajen dalili. Amurka ba ta rasa kuɗin magani ba, ba ta kuma rasa na makaranta ba. Tsarinta ne ya rubuta mallakar bindiga a jerin haƙƙoƙin ɗan ƙasa, ya bar ganin likita da karatun jami'a a kasuwa, mai iya saye ya saya. Duk zolayar da ta yi daɗi a kan wannan batu, idan ka tona ta, wannan za ka tarar a ƙarƙashi.

Su wa suke ƙirƙirar abin?

Mai cewa sharrin maƙiya ne bai lura da inda abin yake fitowa ba. Mafi yawan hotunan nan da bidiyoyin nan Amurkawa ne da kansu suke haɗa su, a TikTok da X da Reddit. Malaman firamare ne masu sayen alƙalami da littattafan ɗalibai daga aljihunsu, har dokar haraji ta san da zamansu ta yafe musu haraji a kan 'yan ɗaruruwan daloli a shekara saboda wannan. Ma'aikatan jinya ne. Matasa ne da suka taso ana yi musu atisayen ɓuya a aji: a kulle ƙofa, a kashe fitila, a lafe a lungu, kada wanda ya yi tari. Yaron da aka koya wa wannan tun yana ajin farko, idan ya girma ya mayar da shi abin raha, ba baƙo ne ya sa shi ba.

Akwai wata jaridar shaguɓe mai suna The Onion, wadda duk labaranta na gatse ne. A 2014 ta buga wani kanun labari da ke cewa, a taƙaice, ƙasa ɗaya tilo da wannan abu yake faruwa a kai a kai ta ce babu yadda za a yi a hana shi. Tun daga lokacin, idan aka yi wani babban harbi, sai su sake buga labarin nan kamar yadda yake, su canza sunan gari da adadin gawa kawai. Sun maimaita shi sau da dama ƙwarai. Maimaicin shi ne barkwancin, kuma ban san wani sharhin masana da ya fi shi cizo ba.

"Ai ƙari ne kawai"

Akwai ƙari, ba na musu. Ba gaskiya ba ne cewa mutum zai shiga kanti ya ɗauki bindiga kamar burodi. Wanda zai saya daga dila mai lasisi sai ya cike takarda, an duba sunansa a rumbun bayanan gwamnati ko yana da tarihin aikata babban laifi. Ba kuma kowane Ba'amurke ne ke yawo da ita ba. Ƙididdigar cibiyar Small Arms Survey ta nuna bindigogi kusan miliyan 393 ne a hannun farar hula a 2017, wato sun fi mutanen ƙasar yawa, amma kusan kashi ɗaya cikin uku ne na manya suke cewa sun mallaka. Wasu mutane ne ke da goma, ashirin. Haka ma asibiti: tun 1986 doka ta hana sashen gaggawa korar wanda ya zo a mawuyacin hali don ba shi da kuɗi, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na jama'a suna da wata irin inshorar lafiya.

To amma dubi abin da ya rage bayan an cire ƙarin.

A 2018, a wata tashar jirgin ƙasa a Boston, ƙafar wata mata ta zurma tsakanin jirgi da dakalin tasha, ta yi mummunan rauni har ƙashi ya bayyana. Fasinjoji suka haɗu suka tura jirgin suka zaro ta. Tana cikin wannan azaba tana roƙon kada a kira motar asibiti, domin kuɗinta dala 3,000 ne, ba za ta iya biya ba. Wata 'yar jarida da ke wurin ce ta rubuta, kyamarar tashar kuma ta ɗauki yadda aka ceto ta. Dokar 1986 ta ce a duba ka, ba ta ce a yafe maka ba. Takardar biya tana iso ka gida.

Ko batun insulin, allurar masu ciwon suga. Waɗanda suka gano ta a Kanada sun sayar wa Jami'ar Toronto haƙƙin mallakarta a kan dala ɗaiɗai a 1923, don kada wani ya yi kasuwanci da ran mutane. A Amurka, kwalba ɗaya ta wani sanannen nau'inta da ake sayarwa dala 21 a 1996 ta kai kusan dala 275 kafin 2019. Mutane suka riƙa yin ayari a mota suna tsallakawa Kanada su sayo. Wasu suka riƙa tsimin allurar, suna rage yawan da likita ya ce, kuma an samu waɗanda hakan ya yi ajalinsu.

A ɓangaren bindiga kuwa, zolayar da ta fi yawo ita ce ta wani cakulan mai siffar ƙwai, Kinder Surprise, wanda ake ɓoye ɗan abin wasa a cikinsa. An hana sayar da shi a Amurka, bisa wata doka ta 1938, don gudun kada yaro ya haɗiye abin wasan. Sai a ɗora hoton yara biyu, ɗaya riƙe da ƙwan, ɗaya riƙe da bindiga, a ce: ɗaya daga cikin abubuwan nan an haramta shi don kare yara, canki wanne. Wata kuma ta ce ɗan shekara 18 ba a yarda ya sayi giya ba sai ya kai 21, amma dokar tarayya ta yarda ya sayi doguwar bindiga. Wannan ba ƙari ba ne ko kaɗan. Matashin da ya kashe yara 19 da malamai biyu a makarantar firamare ta Uvalde, a jihar Texas, ranar 24 ga Mayu 2022, bisa ƙa'ida ya sayi bindigoginsa, kwanaki kaɗan bayan ya cika 18. A 2021 mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a ƙasar, fiye da rabinsu su suka harbe kansu. Daga 2020, bindiga ta sha gaban hatsarin mota a matsayin abin da ya fi kashe yara da matasa.

Kuɗin ba yaƙi suka tafi ba

Nan ne nake rabuwa da abokina na biyu, da ma yawancin hotunan da ake turawa. An fi son a nuna jirgin yaƙi a gefe guda, a ɗaya gefen a nuna majinyaci yana bara a GoFundMe, shafin neman taimakon kuɗi a intanet, a ce ga inda kuɗin maganinsa suka tafi. Yana da daɗin kallo, amma lissafin bai fita ba.

A 2023 Amurka ta kashe wa soja kimanin dala biliyan 916, babu ƙasar da ta ko kusanto ta. A wannan shekarar dai, abin da aka kashe a harkar lafiya, na gwamnati da na kamfanoni da na aljihun mutane, ya kai dala tiriliyan 4.9. Ya ninka na soja fiye da sau biyar. Kusan kashi 18 cikin ɗari ne na duk abin da tattalin arzikin ƙasar ya samar. Shirin Medicare kaɗai, wanda gwamnati ke biya wa tsofaffi da shi, ya haura dala tiriliyan ɗaya, wato shi kansa ya fi kasafin soja. Idan aka raba wa kowane mutum, Amurka tana kashe fiye da ninki biyu na abin da Birtaniya ke kashewa, alhali a Birtaniya kowa yana ganin likita ba tare da an miƙo masa takardar biya ba, kuma a matsakaici mutanenta sun fi Amurkawa tsawon rai. Duk da wannan tulin kuɗi, a 2023 kimanin mutum miliyan 26 ba su da inshora ko kaɗan a Amurka.

Kamar maigidan da ke ba da kuɗin cefane fiye da kowa a unguwa ne, amma tukunyarsa ta fi ta kowa lami, saboda 'yan aike biyar ne tsakaninsa da kasuwa, kowanne da kamashonsa. Kamfanin inshora yana da nasa, mai shiga tsakani a cinikin magunguna yana da nasa, asibiti ya ɗauki rundunar ma'aikata waɗanda aikinsu kawai rubuta takardun biya da jayayya da kamfanin inshora, kamfanin inshora shi ma ya ɗauki tasa rundunar don ƙin biya. Magani ɗaya, aiki ɗaya, farashinsa a Amurka ya ninka na maƙwabta.

Ruwa ba ya tsami banza. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta hana ƙarin albashi, sai kamfanoni suka fara jawo ma'aikata da alƙawarin biya musu inshorar lafiya. Daga nan lafiyar mutum ta ɗaure da wurin aikinsa: ka rasa aiki, ka rasa likita. A 1945 Shugaba Harry Truman ya nemi a kafa inshora ta ƙasa baki ɗaya, ƙungiyar likitocin ƙasar ta tashi haiƙan ta ce gurguzu ne ake son shigowa da shi, aka binne maganar. Abin da aka samu daga baya faci ne a kan faci: Medicare da Medicaid a 1965 don tsofaffi da matalauta, sai dokar Obama a 2010, wadda ta rage yawan marasa inshora sosai amma ta bar kasuwar a tsaye.

Me ya sa na dage a kan wannan? Domin zolayar jirgin yaƙi tana wanke masu laifi. Ko da a ce gobe Amurka ta rufe duk sansanonin sojanta, ta juye kuɗin a wannan tsarin, 'yan aiken nan ne za su ƙara ƙiba.

Abin da takarda ta ce

Gyara na biyu ga kundin tsarin mulkin Amurka, na 1791, ya ce ba za a tauye haƙƙin jama'a na mallaka da ɗaukar makami ba. A 2008 Kotun Ƙoli ta fassara shi da cewa haƙƙin kowane mutum ne a ƙashin kansa, a 2022 ta ƙara da cewa har a wajen gida. Ita dai wannan kotu, a 1973, a wata shari'a da iyaye talakawa na San Antonio suka shigar, ta yanke cewa ilimi ba ya cikin haƙƙoƙin da kundin tarayya ya lamunce. Lafiya kuwa ko ambatonta kundin bai yi ba.

Abin da iyayen nan suka kai ƙara a kai yana nan har yau a wurare da yawa. Kaso mai tsoka na kuɗin makarantun gwamnati daga harajin gidajen yankin yake fitowa. Unguwar da gidajenta ke da tsada, makarantarta tana da ɗakin gwaje-gwaje da wurin ninƙaya. Unguwar talakawa, malami yana roƙon takardu a intanet. A nan ma, abin da Amurka ke kashe wa kowane ɗalibi ya haura matsakaicin na ƙasashe masu arziki. Rabon ne ya karkace.

Jami'a kuma bashi ce. Fiye da mutum miliyan 40 suna ɗauke da bashin karatu, jimillarsa ta kai kusan dala tiriliyan 1.7, kuma yana cikin basussukan da ke da wuyar yafuwa ko da kotu ta tabbatar mutum ya karye. Shugaba Biden ya yi yunƙurin yafe wa mafi yawansu har dala 10,000, wasu 20,000, Kotun Ƙoli ta soke shirin a Yunin 2023. Sai ka ga hoton dattijuwa mai furfura da rubutu a ƙasa: saura kaɗan na gama biyan kuɗin ajin farko.

Wani zai ce, to ai dimokuraɗiyya suke yi, abin da suka zaɓa ke nan, a bar su. Da sauƙi da haka ne. Ƙuri'un jin ra'ayi sun daɗe suna nuna fiye da kashi 80 cikin ɗari na Amurkawa suna son a riƙa binciken mai saye a kowane cinikin bindiga, har wanda ake yi tsakanin mutum da mutum. Bayan an kashe yara 20 'yan shekara shida da bakwai da manya shida a makarantar Sandy Hook a Disambar 2012, an kai ƙudurin faɗaɗa wannan binciken Majalisar Dattawa. Ya samu ƙuri'a 54 cikin 100, ya faɗi, domin ƙa'idar majalisar 60 take nema. Kuma a majalisar nan jihar Wyoming, da ba ta kai mutum 600,000 ba, sanatoci biyu gare ta, daidai da California mai kusan miliyan 39. Ostareliya ta ga irin wannan masifa a Port Arthur a 1996, aka kashe mutum 35, cikin 'yan makonni gwamnatin John Howard ta tsaurara doka, daga baya ta saye bindigogi kimanin 650,000 daga hannun jama'a. Amurkawa ba su fi 'yan Ostareliya taurin zuciya ba. Ƙofar da za su bi ce aka yi mata sakata da yawa.

"Ku fara duba naku"

Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi, kuma na ji ta a zauren namu: laifi tudu ne. Mu da aka kwashe mana ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a 2020, da 'yan mata 279 a Jangebe a 2021, mu da ake cewa ɗan'uwan majinyaci ya je ya sayo safar hannu da ruwan ƙari kafin a taɓa shi, ina muka ga bakin yi wa wani dariya?

Idan dariyar ta jin daɗin wahalar wani ce, ba mu da baki, gaskiya ne. Amma sanin halin da Amurka ke ciki ya shafe mu ta hanya biyu. Ta farko, yaranmu suna neman bizar karatu da aiki a can, kuma wanda zai tafi gara ya san cewa kwana ɗaya a gadon asibiti ba tare da inshora ba zai iya cinye abin da ya tara a shekara. Ta biyu, mu ma mun fara wannan muhawarar. A Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta fito fili ta ce jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga su kare kansu daga 'yan bindiga. Ba na ganin laifin manomin da aka hana shi zuwa gonarsa idan ya yi maraba da wannan magana. Sai dai a Uvalde jami'an tsaro 376 ne suka taru, kowanne da makaminsa, suka yi minti 77 kafin su shiga ajin, yara na ciki suna kiran waya suna neman ɗauki. Wanda ke ganin yawan bindiga shi ne tsaro, ya kamata ya zauna da wannan lissafin tukuna.

Inda raha ta koma wani abu

Ba duk zolayar nake karewa ba. Ranar 4 ga Disamba 2024 aka harbe Brian Thompson, shugaban kamfanin inshorar lafiya na UnitedHealthcare, a kan titi a New York. Kafin a binne shi intanet ta cika da ba'a. Aka riƙa cewa ta'aziyyarsa sai an nemi amincewar kamfani tukuna, kamar yadda ake sa majinyata jira. Sanarwar rasuwar da kamfanin ya saka a Facebook, dubban mutane suka bi ta da alamar dariya. Mutum ne mai 'ya'ya biyu, aka kashe shi ta baya. Wannan ba raha ba ce, kuma wanda ya tura ta a nan yana ƙyaƙyatawa bai yi wa kowane majinyaci komai ba. Abin da na ɗauka daga ranar shi ne yawan mutanen da suka fito, a ƙarƙashin ba'ar, suna ba da labarin uwa ko ɗa da aka ƙi biya wa aikin da likita ya rubuta. Fushin na gaske ne, ya daɗe yana taruwa bai samu mafita ba.

Ɗan abin da ya motsa a shekarun nan, ba hotuna ne suka motsa shi ba. Iyayen da suka rasa 'ya'ya saboda tsadar insulin sun yi ta zarya a majalisun jihohi, har a 2022 dokar tarayya ta ƙayyade wa tsofaffin da ke Medicare dala 35 a wata, manyan kamfanonin kuma suka karya farashi a 2023. Wata ɗaya bayan Uvalde aka sa hannu a dokar bindiga ta tarayya mafi girma cikin kusan shekara 30, wadda ta ƙara binciken masu saye 'yan ƙasa da 21. Ba ta ɗaga shekarun saye ba.

Iyayen yaran Uvalde suka ɗauki wannan buƙatar suka kai majalisar jiharsu a Austin a 2023, riƙe da hotunan 'ya'yansu, suna jira har cikin dare a saurare su: a mayar da shekarun sayen irin bindigar da aka kashe yaran da ita daga 18 zuwa 21. Ƙudurin ya tsallake kwamiti a watan Mayu, har da ƙuri'un 'yan jam'iyyar Republican biyu, iyaye suka rungume juna suna kuka. Wa'adin zaman ya ƙare ba a kawo shi zauren majalisa an kaɗa masa ƙuri'a ba.